Abin da Ke Ƙarƙashin Fentin Duram: Yadda Ake Gyara Fuskar Alminiyum Don Bugun Firinta Ya Fita Tas

Duk wanda ya taɓa zama a teburin cika katirij ya san wannan rigimar. Mai shagon fotokofi zai dawo maka da takarda a hannu, fuska a murtuke, ya nuna wasu ɗige-ɗige baƙaƙe da suka jeru a shafi, ya ce hodar da ka zuba masa ce ba ta da kyau. Kafin ka fara rantse-rantse, ɗauki rula ka auna tazarar da ke tsakanin ɗigo da ɗigo daga sama zuwa ƙasa. In ka samu milimita 75 ko kusa da haka, hoda ba ta da laifi. Duram ne, wato bututun nan mai fenti da ke juyawa cikin katirij yana ɗaukar hoda ya buga ta a takarda, mai faɗin milimita 24, yake buga tabonsa a kowane zagaye, shi ya sa ɗigon yake fitowa kusan sau huɗu a takardar A4. In tazarar milimita 94 ce, duram ɗin mai faɗin milimita 30 ne, zancen bai canza ba.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, wani lokaci sabon duram ne fil, ka juya shi a haske ba ka ga ko ƙwarzane ba, amma ɗigon yana nan. A irin wannan halin cutar ba a saman fentin take ba. Tana ƙarƙashinsa, a fuskar bututun alminiyum ɗin da aka shafa wa fentin. Tun ran gini tun ran zane: yawancin ingancin duram an riga an yanke shi kafin a tsoma shi a wancan ruwa mai launin kore ko shuɗi da muke gani.

Wannan jagorar za ta bi aikin yadda masana'antu suke yin sa, daga bututu tsirara har zuwa sanya masa giyar robar da ke juya shi, sannan ta dawo kan teburinka. Ba wai don ka je ka kafa masana'anta a bayan shago ba. In ka san abin da aka yi wa ƙarfen, za ka san abin da kake saye, ka kuma iya karanta takardar da ta lalace.

Me ya sa fuskar ƙarfen take da wannan muhimmanci

A yawancin firintocin leza, rolar caji tana shimfiɗa wa fuskar duram cajin nagatif na wajen bolt 600. Hasken leza, wanda tsawon zangonsa yawanci nanomita 780 ne (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), yana bi ya zubar da cajin a daidai inda rubutu zai fito. Hodar ita ma nagatif ce, don haka tana gudun inda caji yake, ta manne inda aka zubar da shi. To ka ga inda gizo ke saƙar: duk wurin da caji ya zube da kansa, ko da leza ba ta taɓa shi ba, hoda za ta ɗauka an kira ta. Ƙaramin tsini a jikin alminiyum, ko ɗan maiƙo, ko ƙwayar ƙura da aka rufe da fenti, yana iya buɗe wa cajin fozitif hanya ya tsallako daga ƙarfen ya kashe na sama. Sakamakon shi ne baƙin ɗigo a kan farar takarda.

Ka kuma dubi sirantakar abin. Shimfiɗar da ke karɓar haske ta haifar da caji, kaurinta bai wuce kaso biyu ko uku cikin goma na maikiron ɗaya ba, shi kuwa maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ta samanta, wadda cajin ke ratsawa, tana tsakanin maikiron 15 zuwa 35. Gashin kan mutum yana kaiwa wajen maikiron 70. Ƙwarzanen da zurfinsa maikiron ɗaya ne kacal, wanda ido ba ya gani, ya ninka kaurin shimfiɗar farko sau uku zuwa biyar. A firinta mai ɗigo 600 a inci, kowane ɗigo wajen maikiron 42 ne, don haka tabo ba ya buƙatar girma kafin ya bayyana.

Lokacin da Chester Carlson ya fitar da hotonsa na farko ranar 22 ga Oktoba, 1938 a unguwar Astoria ta birnin New York, farantin zinki ya shafa wa farar wuta. Injin Xerox 914 na 1959 da duram mai shafen seleniyum ya fito. Sai da aka koma fentin sinadarai mai arha, aka kuma haɗa duram da hoda a katirij guda, kamar yadda Canon ta yi a 1982 da kuma HP LaserJet na farko a 1984, sannan duram ya zama kayan da ake ƙerawa da yawan gaske. Daga nan ne gyaran fuskar bututu ya zama sana'a mai zaman kanta, musamman a Japan, daga baya kuma a China, inda birnin Zhuhai ya yi suna da kayan firinta.

Mataki na ɗaya: zaɓen bututu

Ba kowane alminiyum ba ne. Gaurayen da aka fi amfani da su biyu ne: mai lamba 3003, wanda ke da manganis tsakanin kashi 1 zuwa 1.5 cikin ɗari, da mai lamba 6063, mai ɗan magniziyum da silikon, wato irin wanda ake yin firam ɗin taga da shi. Ana matso ƙarfen da zafi ta cikin wata kafa mai siffar zobe ya fito a bututu, sannan a ja shi a sanyi har kaurin bangonsa ya dawo milimita ɗaya ko ƙasa da haka kaɗan.

Abin da ake tsoro a nan shi ne ƙazantar cikin ƙarfen, musamman ƙwayoyin baƙin ƙarfe da silikon da suka dunƙule. Ba sa narkewa daidai da sauran jikin a wajen wanki da sinadari, sai su bar rami ko tsini. Shi ya sa narkakken gwangwani da tsofaffin fistin mota, irin wanda maƙeranmu ke zuba tukwane da shi, ba zai taɓa yin duram ba komai kyansa a ido. Ana kuma duba miƙewar bututun da daidaiton zagayensa. In ya karkace ko da kaɗan ne, tazararsa da rolar hoda za ta riƙa canzawa, bugu ya fito da duhu da haske bi da bi.

Mataki na biyu: fiƙe fuska, amma ba a mayar da ita madubi ba

Hanya biyu ce. Ko dai a ɗora bututun a injin fiƙa, a bi shi da wuƙa mai bakin daimon ana zuba masa mai, ko kuma a bar shi da santsin da ya samu daga ja, ba tare da fiƙa ba. Ta biyun ta fi arha, ita ce ta cika ƙananan katirij, amma tana da aibinta: ja yana barin wasu ƙananan ɓawon ƙarfe da suka kwanta a fuska kamar ƙayar kifi, waɗanda kan miƙe tsaye a lokacin wanki ko tsomawa su huda fenti.

Mai hankali zai ce ai sai a goge fuskar ta yi ƙyalli kamar madubi a huta. A nan ne aka sha mamaki da zuwan leza. Hasken leza launi ɗaya ne tak, kuma zangonsa a jere yake. In ya ratsa fentin ya daki ƙarfe mai ƙyalli, yana dawowa ya haɗu da wanda ke shigowa, a wani wuri su ƙarfafa juna, a wani wuri su kashe juna, gwargwadon ɗan bambancin kaurin fentin. Abin da ke fitowa a takarda shi ne wani zane mai lanƙwasa kamar jijiyar katakon filawud, wanda aka fi gani a hoto ko a shafi mai ruwan toka. Maganinsa a ba fuskar ɗan kaushi da gangan don ta warwatsa hasken. Wasu suna saita wuƙar ta bar sawu siriri. Wasu suna fesa wa bututun ruwa mai ɗauke da ƙwayoyin alumina, ya fito dishi-dishi kamar gilashin banɗaki. Kaushin da ake nema na wajen maikiron ɗaya ne ko ƙasa. In ya gaza, zanen katako ya fito. In ya wuce, tsinin ya huda fenti, baƙaƙen ɗigo su dawo.

Mataki na uku: wanki

In aka ce in zaɓi mataki ɗaya da ke raba duram na kirki da na banza, wannan zan zaɓa, duk da shi ne wanda ba a cika ba shi girma ba. Bututun da ya fito daga injin fiƙa yana ɗauke da mai, da garin ƙarfe, da ƙura. Ɗigon mai guda da ya rage zai sa fenti ya ja baya daga wurin kamar yadda ruwa ke gudu a kan kwanon da aka ci miyar manja.

A da da sinadarai masu kilorin ake wankewa, irin su tiraikuloro-itan, waɗanda ke narkar da mai nan take su bushe da kansu. Bayan Yarjejeniyar Montreal ta 1987 da gyare-gyaren da suka biyo bayanta don kare rufin ozon, an daina amfani da tiraikuloro-itan, masana'antu suka koma wankin ruwa. Tsarin yakan tafi kamar haka. A tsoma bututun a ruwan sabulu na musamman mai ɗumi, wanda ba shi da kaifin da zai ci alminiyum, ana kaɗa ruwan da sautin da kunne ba ya ji don ya fizge dattin da ya maƙale a ramuka. A bi shi da burushi mai laushi yana juyawa. A ɗauraye a kwatarniya bayan kwatarniya, kowace ta fi ta bayanta tsabta, ta ƙarshe kuma ruwa ne da aka cire wa duk wani gishiri. Daga nan a nutsar da shi a tataccen ruwa mai zafi a zaro shi a hankali, yadda zafin jikinsa zai busar da shi ba tare da ya bar sawun ɗigo ba.

Ruwan famfo ko na rijiya ba ya shiga wannan aikin. Gishirin kilorin da ke cikinsa yana cin alminiyum ya yi masa ƙananan ramuka, kuma in ya bushe yana barin farin tabo da zai zauna ƙarƙashin fenti har abada. Gwajin da ake yi mai sauƙi ne: a zuba wa bututun tataccen ruwa. In ruwan ya shimfiɗu bai yanke ba, fuska ta fita. In ya tsinke ya dunƙule, akwai sauran maiƙo, a koma baya. Daga wannan lokaci hannu ba ya sake taɓa wajen bututun, ta ciki ake riƙe shi.

Mataki na huɗu: gina ɓawo da wutar lantarki

Alminiyum da kansa yana yin wata siririyar tsatsa da zarar ya sha iska, amma kaurinta 'yan nanomita ne, ba ta isa ta tare caji ba. Anodayizin, wanda Japanawa ke kira alumait, dabara ce ta tilasta wa ƙarfen ya yi wannan tsatsar da kauri da tsari. Tsohuwar fasaha ce: Bengough da Stuart sun yi rajistar hanyar asid ɗin kuromiyum a Ingila a 1923, Gower da O'Brien kuma suka kawo ta asid ɗin salfa a 1927, wadda ita ce ake yi wa duram har yau.

Da farko ana ɗan tsoma bututun a ruwan soda, irin kostik ɗin da masu sabulu ke amfani da shi, don ya cinye tsohuwar tsatsar. Kada a daɗe, domin soda tana cin alminiyum da sauri, kuma tana tona layin da ƙarfen ya haɗe a lokacin matsowa, wanda ya bi tsawon duram, yana kuma iya fitowa a bugu a matsayin zane a kwance. Bayan ɗauraya za a ga wani baƙi-baƙi ya kwanta a fuskar, ragowar ƙarafan da soda ba ta narkar ba. Asid ɗin naitirik ne ke cire shi. A sake ɗauraya.

Sai babbar kwatarniya. Asid ɗin salfa ne, wato dangin ruwan batir, a sirke shi zuwa wajen kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. Bututun ne ake haɗa wa wayar fozitif, farantin darma ko na alminiyum a gefen kwatarniyar ya ɗauki nagatif. Ƙarfin wutar yana tsakanin bolt 10 zuwa 20, yawanta kuma amfiya ɗaya zuwa biyu a kan kowane fili mai santimita goma tsawo da goma faɗi. Akwai lissafin da masu aikin ke riƙewa a ka: a amfiya ɗaya, ɓawon yana ƙaruwa da wajen maikiron ɗaya duk minti uku. Ke nan in kana son maikiron 6 a amfiya ɗaya da rabi, wajen minti 12 za ka ba shi.

Zafin ruwan shi ne abin da ba a wasa da shi. Ana riƙe shi kusa da digiri 20 na Salshiyas, da injin sanyaya da kuma kaɗawa, domin aikin kansa yana haifar da zafi. Dalili kuwa, abu biyu ne ke gudana a lokaci guda: wuta tana gina ɓawo, asid yana cin sa. In ruwan ya ɗumama, ci ya fi gini, ɓawon ya fito da laushi yana gari. In wuta ta yi yawa a wuri ɗaya, wurin ya ƙone. Wannan ja-in-ja ɗin ne ke ba ɓawon siffarsa: a can ƙasa, manne da ƙarfen, akwai siririn bango marar rami wanda kaurinsa ke bin bolt, wajen nanomita ɗaya da ɗan ɗoriya a kan kowane bolt. A samansa kuma ramuka ne a tsaye, jere kamar saƙar zuma. Wancan siririn bangon shi ne mai gadin da ke hana caji tsallakowa daga ƙarfe.

Kaurin da ake nema a duram yawanci maikiron 5 zuwa 10 ne. Mutum zai iya zaton ƙari alheri ne, amma a'a. Alminiyum yana buɗewa da zafi fiye da ɓawonsa ninki da yawa, don haka ɓawo mai kauri yakan tsattsage a tandar busar da fenti, kuma kowace tsaga layi ce a takarda. Ɓawon da ya yi kauri yana kuma riƙe ragowar caji bayan leza ta wuce, bugu ya dusashe.

Wanda duk ya yi sha'awar gwada anodayizin a kan wani ƙarfen daban don koyo, ya riƙe abu uku: asid ake zuba wa ruwa a hankali, ba a zuba ruwa a cikin asid. Kwatarniyar tana fitar da iskar haidurojin mai kama wuta da tururin asid, don haka a fili ake yi, da tabarau da safar roba. Ruwan da aka gama da shi kuma ba na kwata ba ne.

Mataki na biyar: toshe ramuka

Ɓawon da ya fito daga asid kamar soso yake, yana shan duk abin da ya taɓa shi, har da danshin iska da ragowar asid. In aka yi fenti a haka, halin duram zai riƙa canzawa da yanayi. Don haka ake ɗauraye shi sosai, sannan a dafa shi a ruwan gishirin nikel asitet mai zafin digiri 80 zuwa kusa da tafasa, ko a tafasasshen tataccen ruwa. Bakin ramukan yana kumbura ya rufe. Akwai kuma hanyar sanyi da nikel fulorayid, wadda ba ta buƙatar zafi sosai.

Nan ma akwai iyaka. In toshewar ba ta kai ba, ɗige-ɗige da hazo za su bayyana da zarar damina ta kankama. In ta wuce, wani farin gari yana tsirowa a fuska, fenti ya ƙi kamawa da kyau. Shi ya sa bayan toshewa ake sake bi da burushi da tataccen ruwa kafin a busar.

In ba a yi anodayizin ba fa?

Yawancin duram masu arha ba sa bi ta kwatarniyar asid ko kaɗan. A maimakon haka ana shafa wa bututun wata shimfiɗar ƙasa, roba ce dangin nailan da aka cakuɗa da farin garin taitaniyum, kaurinta daga ƙasa da maikiron ɗaya zuwa 'yan maikiron. Tana aiki uku a tare: ta rufe ƙananan aibin ƙarfe, ta tare caji, farin garin kuma ya warwatsa hasken leza. Wasu masana'antun suna haɗa duka biyun.

Wannan ba aibi ba ne, manyan kamfanoni ma suna yi. Sai dai nailan yana shan danshi, kuma yadda yake barin caji ya wuce ya dogara da danshin da ya sha. A nan ne abin ya shafe mu kai tsaye. Da hunturu, lokacin da iskar Kano ko Damagaram ke bushewa ƙayau har leɓe ya tsage, shimfiɗar da ba a haɗa ta da kyau ba tana ƙin sakin caji, sai bugu ya yi fari-fari, ko inuwar rubutun sama ta sake fitowa a ƙasa bayan zagaye ɗaya. A watan Agusta kuma sai ta saki da yawa, farar takarda ta yi hazo. Masana'antun kirki suna gwada duram a ɗakin sanyi mai bushewa da ɗakin zafi mai danshi kafin su fitar da shi. Na taɓa sayen kwali guda na duram masu sauƙin kuɗi a ƙarshen damina, suka yi aiki lafiya lau, na yi ta yabon mai kawo su. Da sanyi ya shigo, katirij suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, duk da ƙorafi iri ɗaya. Na canza hoda sau biyu kafin na gane ba ita ba ce.

Mataki na shida: tsomawa

A ɗaki mai tace iska ake yi, ma'aikata a rufe ruf. Ana riƙe bututun a tsaye ta ciki, a toshe samansa yadda iskar da ke ciki za ta hana ruwan fenti shiga, a nutsar da shi, a zaro. Saurin zarowa da kaurin ruwan su ne ke yanke kaurin fentin: in an zaro da sauri ya fi kauri. Shimfiɗar haske ana yin ta da launin fitalosayanin, dangin shuɗi da kore. Ta sama kuma robar folikabonet ce da sinadarin da ke ɗaukar caji. Kowace shimfiɗa sai ta bushe kafin ta gaba, ta ƙarshe a tanda mai zafin sama da digiri 100. A goge bakin ƙasa inda fenti ya taru.

Launin duram, kore ne ko shuɗi ko ruwan goro, daga sinadaran da aka zaɓa yake. Ba shi ne shaidar inganci ba, duk abin da ɗan kasuwa zai faɗa maka. Duram ɗin silikon da Kyocera ta yi suna da shi a manyan injinanta wani gida ne daban: ba tsoma shi ake yi ba, a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska ake gina shimfiɗarsa, kuma ya fi na fenti tauri nesa ba kusa ba.

Mataki na bakwai: giya da hanyar at

Ana cusa giyar roba a baki biyu, ɗaya da ɗan farantin ƙarfe mai farce a ciki. Ta wannan farantin ne cajin da leza ta zubar yake bi ya fita zuwa jikin injin, wannan hanyar ita ake kira at. Ka tuna ɓawon anodayizin ba ya wuce da wuta, don haka dole farcen ya huda shi ya kai ga ƙarfe mai rai. In haɗin nan ya yi sako-sako, bugu yakan yi zane-zane a kwance, ko ya dusashe, a wasu injinan ma shafi ya fito baƙi ƙirin.

Yanzu a teburinka

Fara da tsohon duram da ya mutu. Jiƙa tsumma da tina ka goge fentin a waje mai iska, ka ga abin da ke ƙasa. In ƙarfe ne mai ƙyalli da siraran layuka zagaye da shi, fiƙaƙƙe ne. In farar shimfiɗa ce da tina ba ta cire ta da sauƙi, shimfiɗar ƙasa ce. In ruwan toka ne dishi-dishi, kuma ka ɗora wayoyin mitar gwada wucewar wuta a kai ba ta yi ƙara ba sai ka kankare, anodayizin ne. Yi wa duram na ainihi haka, ka yi wa na kasuwa, ka jera su. Rabin awa za ta koya maka abin da kwali ba zai faɗa ba.

In sabon kaya ya zo, kada ka gwada da rubutu kawai, rubutu yana ɓoye aibi. Buga shafi uku: fari fat, baƙi ƙirin, da ruwan toka daga sama har ƙasa. Farin zai nuna baƙaƙen ɗigo da hazo. Baƙin zai nuna fararen ɗigo, inda maiƙo ko ƙura suka hana shimfiɗar haske zama. Ruwan tokan ne mai tonon asiri, a nan zanen katako da inuwa da bambancin duhu tsakanin dama da hagu suke fitowa. Duk abin da ya maimaita kansa, auna shi da rula ka raba da 3.14, za ka samu faɗin abin da ke juyawa da tabon. Milimita 38, misali, rola ce mai faɗin milimita 12, ba duram ba. Baƙin layi da ya ratsa shafi a kwance a tazarar duram kuwa, yawanci huda ce ta kai ga ƙarfe, wutar rolar caji tana zubewa ta nan. Wannan ba shi da magani sai canji. Ajiye waɗannan shafuka da kwanan wata, ka sake gwada irin kayan in yanayi ya juya.

Wajen sanyawa, riƙe duram ta giya. Maiƙon yatsa yana barin tabo, yana kuma iya tsaga folikabonet a hankali. Kada ka bar shi a hasken rana ko ƙarƙashin fitila mai ƙarfi, domin shimfiɗar tana gajiya da haske. In za ka ajiye, naɗe shi da baƙar leda ko takarda. In dole sai an goge, busasshen auduga mai laushi ya isa, in ya ƙi sai ɗan sifirit na aisofurofil mai tsabta, a bari ya bushe sarai. Fetur da tina da kananzir ba sa zuwa kusa da duram mai rai. Man da ake tallatawa wai yana sabunta duram kuwa, ni ban ga ya wuce cike ƙwarzane na ɗan lokaci ba, kaurin da rezar share hoda ta cinye ba ya dawowa.

Canza rezar share hoda tare da duram, tsohuwar reza tana yanka sabon fenti. Barbaɗa wa bakinta da fuskar duram ɗan garin santsi da ake sayarwa don haka, sannan ka juya duram ɗin da hannu zagaye biyu ko uku ta fuskar da yake juyawa a injin, har garin ya shige. In ka juya shi baya, ko ka sa shi a bushe, reza tana iya naɗewa ta kankare shi tun shafin farko. Goge rolar caji, domin ƙwayar yashin hunturu guda da ta maƙale a jikinta tana isa ta huda fenti. Daga ƙarshe sa ɗan giris mai wuce da wuta a kan fil ɗin at, ba giris ɗin mota ba, ka ɗora mita tsakanin fil ɗin da bakin ƙarfen bututun inda babu fenti ko ɓawo. In ta yi ƙara, rufe katirij ɗin ka buga shafukanka uku.